Ningaraju, Wanda Bai Iya Cewa Da Zafi Ba

Kafin ka ga mijin yayata, numfashinsa kake fara ji. Ta hanci yake ja, ya ɗan matse maƙogwaro, sai ya fito da wani sauti kamar ana tsiyaya hatsi cikin buhu a can nesa. Shigarsa da fitarsa tsawonsu ɗaya. Ko yana cin tuwo, ko yana sauraron faɗan yayata, ko ya buge yatsa da bakin ƙofa, sautin nan ba ya canzawa. Ni adaidaita nake tuƙawa a Mysore, kudancin Indiya, tun ina saurayi, kunnena yana gane inji mai ciwo tun daga kan kwana. Amma numfashin Ningaraju ba ya gaya wa kowa komai. Haka aka koyar da shi.

Sunana Kempa. Yayata Gauramma ce matarsa. Ita ina ce mata Akka, shi kuma Bhava, yadda kowa yake kiran mijin yayarsa. In na so tsokana sai in ce masa Roba. Shi kuma Tulu yake kirana saboda tumbina, yana cewa da zan ba shi kaina na ɗan lokaci da ya haɗa ni da yatsun ƙafata mun gaisa, tunda mun daɗe ba mu ga juna ba.

Ɗan mai madara ne. Ubansa yana zagaya gidajen da ke bayan tsohuwar kasuwa da asuba, ciki har da gidan Malam Anantayya, wanda yake koyar da yoga a zauren gidansa. A wancan zamani ba Turawa, ba allo a ƙofa. Ɗaliban su ne 'yan sanda masu ciwon baya, akawuna masu kumburin ciki, da yaran da iyayensu suka gaji da kai su asibiti. Ningaraju yana da asma. Kowace damina a jingine yake kwana, yana wawurar iska da baki. Wata safiya ya raka ubansa kai madara ta ƙofar baya, Malam ya ji ƙirjinsa yana kuka, ya ce a riƙa bar masa shi.

Asmar ta tafi. Ko yoga ce ta kore ta ko girma ne, ban sani ba. Akka takan ce ɗan maƙwabtansu ma ya rabu da tasa, kuma shi ƙwallo kawai ya buga. Bhava ba ya son jin wannan magana. A wurinsa iskar da ke ƙirjinsa ta Malam ce, shi riƙo kawai yake yi.

Ba a daɗe ba Malam ya gano irin jikin da ya faɗo hannunsa. Lanƙwasar da manya suke shekara suna nema, yaron nan cikin 'yan kwanaki yake yin ta. Malam kuwa ya fara manyanta, gwiwoyinsa sun daina ba shi haɗin kai. Sai ya zamana in an gayyace shi barikin 'yan sanda ko makarantar 'yan mata ko wani biki, shi yana bayani da baki, Ningaraju yana nunawa da jiki. A ƙarshe kuma a yi abin da jama'a suka zo gani, wanda ake kira Tattabara. Ningaraju zai durƙusa a kan gwiwoyi, ya karye ta baya har kansa ya taɓa tafin ƙafarsa, ya kama dugadugansa da hannu, cikinsa yana kallon sama. Malam ya taka cinya ɗaya, ya taka ɗayar, ya miƙe tsaye a kansa, ya ci gaba da jawabi kamar a kan benci yake.

Zauren Malam yana da ƙa'idojinsa. Ɗalibi ba ya neman sabon darasi, sai ranar da Malam ya ga dama ya ba shi. Ɗalibi ba ya tambayar dalili. Kuma ɗalibi ba ya cewa da zafi. Malam yana cewa jiki rago ne kuma maƙaryaci, tun kafin a taɓa shi yake fara kuka, zafin da kake ji wurin da ya rufe ne yake buɗewa. In fuskarka ta yamutse, zai ƙwanƙwasa maka kai da bayan yatsa ya ce, "Numfashi." Iyakar abin da zai ce ke nan.

Sau ɗaya Bhava ya taɓa yin ƙara, yana yaro, lokacin da Malam ya danne masa kwankwaso da gwiwa. Malam bai dake shi ba, bai yi masa faɗa ba. Ya dai ɗauke hannunsa. Damina guda cur yana wuce tabarmarsa kamar yana wuce ginshiƙi, yana gyara wa kowa ƙafa da kafaɗa, shi ko kallo. Bhava ya ce mini ya gwammace duka da wannan daminar. Daga ita bai sake ba.

Kada in yi wa mamaci ƙarya, tsohon ba mugu ba ne. Jikinsa kamar busasshen kara, ba nauyi, kuma ya san inda ake sa ƙafa. Abin da yake koyarwa ma ba shirme ba ne. In na yi wa Bhava ba'a cewa mutum da ƙashinsa ya rasa sana'a sai naɗe kansa kamar tabarma, sai ya karanto mini maganar Malam: duk murɗe-murɗen nan ba don kallo ba ne, don mutum ya iya zama ne, ya daɗe a zaune jikinsa bai dame shi ba, har zuciyarsa ta kwanta kamar ruwan randa da aka bari ya huce daga girgiza. Akwai wani ɗaki a ciki inda Malam yake shigar da waɗanda suka yi nisa, ya koya musu wannan zaman. Akawuna sun shiga, lauyoyi sun shiga. Bhava kuwa duk shekara amsa ɗaya yake samu ba tare da ya tambaya ba: da saura, jikinka yana da aikin da bai gama ba. Har Malam ya mutu da saura.

Kafin mutuwar tasa Turawa sun fara zuwa. Unguwar ta cika da shagunan tabarmar roba da masu sayar da ruwan kwakwa, mu kuma muka samu aikin asuba, muna kwaso su daga gidajen haya suna hamma. Ɗan Malam, Keshava, wanda yake aikin banki a Bengaluru, ya dawo ya gaji makarantar, aka koma ce masa Ƙaramin Malam. Ya ɗora bene, ya shimfiɗa daɓe mai sheƙi, ya kafa ƙaton allo a bakin titi. Hoton da ke kan allon na Bhava ne yana ɗan shekara ashirin, a karye cikin Tattabara, tsohon Malam tsaye a kansa. Ba a rubuta sunansa ba, amma kowa a unguwa ya san cikin wa aka taka.

Bhava ya zama hannun makarantar. Keshava yana zaune a kujera yana ƙirga numfashi, shi yana yawo tsakanin tabarmi, ya danne wannan, ya murɗa wancan, ya rungumo ƙugun wani ƙaton Bature da ya lanƙwasa baya ya ɗago shi tsaye. Tun duhun asuba har rana ta ɗaga yana ɗaga mutanen da suka ninka shi nauyi. Suna son sa. Suna ɗaukar hoto da shi, suna ba shi cakulan. Kuma duk shekara, ranar girmama malamai, in wata ya cika a farkon damina, sai a maimaita hoton allon a gaban baƙi. Abin da ya canza kawai mai takawar. Keshava mutum ne mai fara'a, mai son alewar man shanu, kuma jikinsa ba ya ɓoye hakan.

Akka ce ta fara gani. Ranar Asabar ba darasi, ranar mai ce. Tana ɗumama man zurma, ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta murje shi tun daga wuya har dunduniya, ya yi ɗan lokaci a rana kafin ya yi wanka da ruwan zafi. Shekara talatin tana wannan, hannunta ya san jikin fiye da idonsa. Ta ce mini sharaɓarsa ta hagu ta fara ramewa, in ta haɗa yatsunta a kanta suna haɗuwa, a ta dama ba sa haɗuwa. Sannan wata rana suna dawowa daga kasuwa silifansa na hagu ya fita a tsakiyar titi, ya ci gaba da tafiya ƙafa ɗaya a ƙasa bai sani ba, sai da ta kira shi.

Ni abin da na lura da shi cin abinci ne. Ya daina zama. Akka za ta mulmula tuwon tamba ta zuba miya, mu zauna a ƙasa, shi ya ɗauki farantinsa ya tsaya jikin bango. Na ce masa, ashe duk shekarun nan zama ake koyo, ga shi ni da ban taɓa taka tabarmar roba ba na fi shi iyawa. Na saba in na jefa masa irin wannan ya maido mini da biyu. Ranar kuwa sai ya ci gaba da haɗiyar tuwonsa.

Akka ta ce asibiti ko ta tafi gidan 'yarsu a Mandya ta bar shi da tukwane. Ya yarda, amma da sharaɗi: ba na unguwa ba, inda wani ɗalibi zai iya wucewa ya gan shi a layi. Mutumin da hotonsa ke kan allon lafiya ba ya zaman benci da kati a hannu. Sai na ɗauke su zuwa wani asibiti can bayan gari.

Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya, a waje kuma layi har bakin ƙofa. Akka ta yi bayanin ramar ƙafa da silifa. Ya saurara, ya ce wa Bhava ya miƙe ya sunkuya a hankali, ya tsaya daidai inda ya fara jin zafi. Bhava ya sunkuya. Bai tsaya ba. Tafukan hannunsa suka kwanta a ƙasa, goshinsa ya manne da ƙaurinsa. Likita ya ce to, ya kwanta a gado. Ya kama ƙafar hagu yana ɗagawa sannu sannu, idonsa a kan fuskar Bhava, yana jiran inda za ta yamutse. Ƙafar ta wuce inda ta kowa take tsayawa, ta miƙe sama, ta gangara har gefen kunne. Fuskar tana nan kamar ta mai jiran mota. Numfashin yana shiga yana fita.

"Baba, ba ka jin komai a nan?"

"Yana buɗewa ne," in ji Bhava.

Likita ya yi dariya, ya leƙa ya kira wata nas ta zo ta ga ikon jiki. Ya tambayi shekarunsa, aka ce hamsin da 'yan kai. Ya ce in Baba ya gama da bayan nan ya ara masa.

"Likita, ka daina duba fuskarsa," in ji Akka. "Ba abin da yake fitowa a wurin. Ni na shekara talatin ina dubawa."

Ya ɗan nutsu da jin haka. Ya ja bayan alƙalaminsa a tafin ƙafar ya tambaya ko yana ji. Bhava, wanda yake kallon alƙalamin da idonsa, ya ce yana ji. Likita ya rubuta magani, ya ce in abin ya ci gaba a je babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin baya, kuma kafin nan kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Ya kira na gaba.

A hanya Bhava sai murmushi yake. Ya ce mun dai ji da kunnenmu, likita da kansa yana neman aron bayansa. Na ce ai ya kuma ce kada ya ɗauki kaya.

"Ƙaramin Malam ba kaya ba ne, Tulu."

"Ba kaya ba ne, amma in ya hau adaidaitata sai na sauya giya kafin mu kai gindin dutsen Chamundi."

Akka ba ta yi dariya ba. Ranar girmama malamai ta kusa, kuma dukanmu mun san abin da za a ɗora a kan wannan bayan.

Ita da ba ta taɓa wuce ɗakin girkin makarantar ba, ta ɗaura sarinta na zuwa biki ta ce in raka ta wurin Keshava. Ya karɓe mu da kyau. Ya sa aka kawo kofi, yana ce mata Akka, yana tambayar 'yarsu da jikoki. Ta gaya masa komai, har silifan. Ta roƙe shi ya bar takawar bana, a yi sauran, ko a sa wani. Ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce baƙi suna tahowa daga ƙasashe masu nisa saboda wannan abu ɗaya, amma shi ba zai taɓa tilasta wa mutumin da ya goya shi yana yaro ba. In da ciwo, an fasa. A dai tambaye shi.

Aka kira Bhava daga bene. Ya shigo hannuwansa jiƙe da gumin wasu, ya gan mu, fuskarsa ba ta ce komai ba. Keshava yana zaune ne ƙarƙashin hoton mahaifinsa, wanda aka rataya wa sarƙar furanni, fitilar mai tana ci a gabansa.

"Ninganna," in ji Keshava, yadda yake kiransa, "Akka ta ce bayanka yana damunka. Ka gaya mini gaskiya. Da zafi?"

Bhava bai dubi Keshava ba, bai dube mu ba. Hoton ya duba. Na ji iskar ta shiga, na ji ta fita.

"Babu, Gurugale," in ji shi, wato Malam.

Keshava ya buɗe tafukan hannunsa yana kallon Akka, kamar ya ce kin gani. Ta ajiye kofin da ba ta sha ba.

"Shekara arba'in gidan nan yana koya masa kada ya ce da zafi," ta ce. "Yau kuma kun zaunar da shi gaban mai koyarwar kuna tambayarsa."

Keshava ya ce ba a magana a kan hanyar mahaifinsa da irin wannan harshe. Da ya ga ta miƙe, sai ya sassauta, ya ce ta kwantar da hankalinta, hawa zai yi ya sauka, daidai a ɗauki hoto.

A gida Bhava ya daina yi mata magana. Da ya buɗe baki, cewa ya yi ta tuɓe shi tsirara a gaban hoton Malaminsa. Ta ce ta gwammace ta tuɓe shi sau ɗaya a gaban hoto da ta riƙa tuɓe shi kullum a gado. Ya ce bakinta ya yi yawa. Ta ce tunda nasa ba ya aiki dole nata ya yi na mutum biyu.

Ranar ta zo da ruwan sama. Benen ya cika har tagogi sun yi gumi. Matan Turawa sun ɗaura sari a karkace, an kunna fitilu, an yi addu'o'i, an zuba furanni gaban hoton tsoho. Ni ina tsaye bakin ƙofa wajen takalma, Akka tana zaune a gefe cikin matan da suka yi girki. Bhava ya fito da gajeren wando, jikinsa yana ƙyalli. Ya yi tsayuwar ka, ya yi ta hannu, ya ɗora ƙafa a bayan wuya. Wayoyi suka tashi sama. Sannan ya durƙusa ya karye ta baya, ya kama dugadugansa.

Wani ɗalibi ya ba Keshava hannu. Ya taka cinyar dama, ya taka ta hagu, ya miƙe. Aka yi tafi. Da nan aka tsaya, wataƙila da ban zauna ina ba da wannan labari ba. Amma wani ya miƙa masa abin magana, kuma Keshava bai taɓa riƙe abin magana ya mayar da shi da wuri ba. Ya fara da Turanci. Ya ce yoga ba wasan nuna jiki ba ce, kwanciyar zuciya ce. Ya ce ƙa'idarta ta farko kada ka cutar da wani abu mai rai, kuma ka fara da kanka. Ya maimaita da harshenmu na Kannada saboda mu. Sannan ya sunkuyar da abin maganar kusa da fuskar Bhava ya ce kowa ya yi shiru ya saurari numfashin mutumin da ya haura hamsin. Sautin ya cika benen, yana shiga yana fita, ba gargada. Na kasa kunne yadda nake yi wa inji. Babu komai a ciki.

Masu zama ta ɗaya gefen suka roƙi a juyo su ma su samu hoto. Keshava ya juya a kan ƙafa ɗaya, duk nauyinsa ya koma hagu. Akka ta gaya mini daga baya cewa a daidai nan ta ga yatsun ƙafar Bhava, waɗanda suka kafe a ƙasa, sun saki sun kwanta.

Da Keshava ya sauka, Bhava ya tashi da kansa. Ya taɓa ƙafar Keshava, ya taɓa hoton, aka rataya masa furanni, aka ba shi kwakwa da ayaba a faranti. Ya shiga ciki ya ɗaura farin zanensa. Ya sauko daga bene yana bin bango da kafaɗa, kamar mai ba wa mutane hanya. Ya zauna a bayan adaidaita ya ce, Tulu, ja mu tafi.

Na waiwaya. Ƙafarsa ta hagu tana waje, cikin ruwan da ya taru a bakin titi. Na ce ya shigo da ƙafarsa. Ya dube ta kamar takalmin wani da aka manta. Akka kuwa ba ƙafar take kallo ba, gaban zanensa take kallo, inda ya jiƙe, kuma ba ruwan sama ba ne. Ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙafar da hannu biyu ta sa a ciki, ta ja gefen sarinta ta rufe masa cinya, ta ce mini babban asibiti.

Hoton ƙashin ya nuna abin da fuskar ta ƙi nunawa. Likitan tiyata ya ce gaɓoɓin ƙasan bayan sun daɗe da cinyewa, wani abu a tsakaninsu ya jima yana danne jijiyoyi, yau kuma ya fashe. Ya tambaye mu me ya hana mu zuwa tun tuni, ya ce irin wannan ciwon ƙato yake sa wa ihu har maƙwabta su fito. Aka yi aiki. Ƙafar dama ta tsira. Ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta dawo ba, fitsari kuma sai da roba.

Keshava ya zo da kwandon lemo, ya ɗauki nauyin asibiti, har da hawayensa. A makaranta aka gaya wa ɗalibai cewa Ninganna ya zame ne a matakala saboda ruwan sama. Bhava ya amince da labarin. Har yau in baƙo ya tambaye shi, matakala yake cewa.

Bayan wasu watanni, da ya fara takawa da ƙarfen dogarawa, ya ce yana son ya ga benen. Aka aiko da amsa mai daɗi: gidansa ne, ya zo duk ranar da yake so, amma da rana in ɗalibai sun watse, kuma ya biyo ta baya saboda matakalar gaba tana da santsi. Ƙofar bayan ita ce wadda ubansa yake miƙa madara. Na kai shi sau ɗaya. Ya tsaya a gindin bene ya ɗaga kai ya duba, ya ce mu koma.

Yanzu sun ɗauki wata budurwa mai takardar shaida, ita take yawo tsakanin tabarmi. Fasinjojina suna yabonta, wai ba ta taɓa mutum sai ta tambaye shi, kuma in ya ce da zafi sai ta ɗauke hannu, gobe ta dawo ta sake tambaya. Da na gaya wa Akka, ta ce ashe ana iyawa. An daina takawar ranar malamai. Allon dai yana nan, bara ma aka sake masa fenti. Kullum da asuba ina sauke mutane a gindinsa. Wasu sukan nuna hoton su tambaye ni ko mutumin nan yana da rai, ko har yanzu yana iya yin haka. Nakan ce yana da rai, in karɓi kuɗina.

Na taɓa zama kusa da Bhava ina zagin gidan nan tun daga tsoho har ɗansa, ko zai taya ni da kalma ɗaya. Yana kwance a gefensa, matashi tsakanin gwiwoyi, domin har yanzu zama ba ya yi masa, sai kwanciya ko tsayuwa. Ya bar ni na gama. Ya ce tsohon Malam ya san inda ake takawa, ɗansa ne ba a koya masa ba. Ya ce wataƙila kuma numfashinsa ne ya kauce a daidai juyawar, da ya riƙe shi daidai da ba a kai nan ba. Na ce numfashinsa bai kauce ba, ni shaida ne, duk bene shaida ne, an sa shi a lasifika.

Can ya ce, "Ba ƙafar ce take damuna ba, Tulu. Zaman ne. Tun ina yaro aka ce mini zama ake nema. Na jira a ba ni."

Na ce me ya hana shi tambaya. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Ranar Asabar Akka ba ta fasa ba. Tana ɗumama man zurma, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni in taya ta kwantar da shi, ta rataye jakar fitsarin a ƙusa. Satin da ya wuce ina zaune a bakin ƙofa ina shan kofi tana murza shi. Ta bi kafaɗu, ta bi gefen tabon tiyata a hankali, ta sauko kan ƙafar hagu, wadda yanzu ba ta fi hannuna kauri ba. Likita ya ce ta riƙa gwadawa lokaci lokaci, ko wani abu zai farka. Ta kama naman sharaɓar da farce ta murɗa, da ƙarfi, har wurin ya yi fari, ya koma ja. Na ga ta fi abin da likita ya ce.

"Da zafi?"

"Babu," in ji shi.

Ta daɗe tana kallon wurin.

"Na sani," ta ce. "Wannan karon na yarda."

Ta ɗebo mai ta ci gaba da murzawa.